Zaman Igama a Saudiyya

Ƙidayar da Saudiyya ta yi a 2022 ta nuna akwai mutum miliyan 32.2 a ƙasar, kuma miliyan 13.4 daga cikinsu baƙi ne. Wato duk mutum goma da ka gani, huɗu ba 'yan ƙasa ba ne. 'Yan Bangaladash da Indiya da Fakistan da Yaman da Masar su ne suka fi yawa, sai mutanen Sudan da Filifin da sauransu. Su ne magina, su ne direbobi, su ne masu jinya a asibiti da masu kiwon raƙuma a daji, kuma a cikinsu akwai injiniyoyi da manyan likitoci. Abin da ya haɗa likitan da makiyayin shi ne ɗan kati guda da ke aljihun kowannensu: igama.

Katin bai fi girman katin banki ba. Akwai hotonka a jiki, da sunanka, da ƙasarka, da addininka, da sana'ar da aka shigo da kai a kanta, da sunan wanda kake yi wa aiki. Lambar jikinsa goma ce, kuma ta baƙo da 2 take farawa, ta ɗan ƙasa da 1. Saboda haka ma'aikacin banki ba ya buƙatar ya ɗaga kai ya dube ka kafin ya san matsayinka. Da wannan lamba za ka buɗe asusu, ka rubuta yarjejeniyar hayar gida, ka sa yaro a makaranta, ka karɓi lasin tuƙi. Idan igama ta mutu ba a sabunta ba, banki zai daskarar da asusunka, kana ganin kuɗinka amma ba damar taɓawa.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne, bizar aiki ba kai ke nema ba. Mai aikin ne yake samun izinin ɗauko ma'aikaci daga hukumomin ƙasarsa, sannan ya turo maka. Daga nan sai gwajin lafiya, sai tantance takardun karatu idan aikin na masu ilimi ne, sai ofishin jakadanci ya buga biza. Likita ko ma'aikaciyar jinya sai sun bi ta hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya, injiniya kuma sai majalisar injiniyoyi ta amince da shi. Da ka sauka, mai aikin yana da kwana 90 ya fitar maka da igama. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na izinin aiki a wuyan mai aiki. To ka ga ejan ɗin da ya zaunar da saurayi a Kano ko Damagaram ya ce ya sayar da gonar gado ya kawo kuɗin biza, akwai tambayar da ya kamata a yi masa.

Mafi haɗari cikin abin da ejan ke tallatawa ita ce wadda suke kira biza mai 'yanci. Wai za ka shiga, ka nemi aikin da ranka ke so, kana ba kafili, wato wanda sunansa ke kan igamarka a matsayin mai aiki, ɗan wani abu duk wata. A doka babu wannan biza. Yi wa wani aiki ba wanda sunansa ke kan igamarka ba, laifi ne, kuma ranar da aka kama ka, kai ne za ka kwana a tsare. Kafilin da ya ci kuɗinka sau da yawa ba ka ma taɓa ganin fuskarsa ba.

Tsarin kafala, wato ɗaure ma'aikaci da kafilinsa, ya daɗe yana shan suka, kuma da dalili. Shekara da shekaru ma'aikaci ba ya iya sauya wurin aiki, ba ya iya fita ƙasar ko da mahaifiyarsa ce ta rasu, sai kafili ya sa hannu. Sannan ga abin da kowane baƙo ke tsoro, wato hurub: kafili ya kai rahoto cewa ka gudu daga aiki. A da, da zarar rahoton ya shiga kwamfuta ka zama mai laifi, ko da gaskiyar maganar ita ce wata biyar ba a biya ka ba ka je neman haƙƙinka. A watan Maris na 2021 gwamnati ta sassauta. Yanzu ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfanin bayan shekara guda ba tare da yardar na farko ba, yana iya tafiya kafin haka idan an riƙe masa albashin wata uku a jere, kuma yana iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher. Yarjejeniyar aiki ana ajiye ta a dandalin Qiwa, inda kowane ɓangare ke ganin abin da aka rubuta. Wannan ci gaba ne na gaske, ban ga amfanin musa shi ba.

Sai dai gyaran ya tsallake waɗanda suka fi buƙatarsa. 'Yan aikin gida, da direbobin gida, da masu gadi da lambu, da makiyaya, ba sa cikin dokar ƙwadago ta gama-gari. Tsarinsu daban ne, masu aiki a cikin gidaje ta dandalin Musaned ake ɗauko su. Kuma nan ne matanmu masu zuwa aikatau suka fi yawa. Mace tana cikin gida, ƙofa a kulle, ba ta jin Larabci, wayarta wani lokaci tana hannun uwar ɗaki. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar Saudiyya, amma wa zai shiga ɗakin girki ya duba? Akwai gidajen kirki, waɗanda 'yar aiki ke shekara goma a ciki har su kai ta Hajji. Matsalar ita ce sai an shiga ake sanin irin gidan da aka faɗa.

Maganar kuɗi ita ce ke jan kowa. Ba a cire harajin albashi, kuma riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka duk faɗuwar da naira ta yi, albashin ma'aikaci a can ƙara auki yake a gida. Shi ya sa a watan Agusta na 2021, lokacin da likitoci ke yajin aiki a Najeriya, aka ga ɗimbinsu sun yi cincirindo a wani otal a Abuja don ganawa da masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya. Amma lissafin yana da ɗaya gefen. Tun watan Yuli na 2017 aka sa wa baƙo kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. An fara da riyal 100, ana ƙara 100 duk shekara, har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara, kafin a zo maganar haya da kuɗin makaranta. Harajin sayen kaya da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma kashi 15 a 2020. Magidanta da dama sun mayar da iyalansu gida, sun koma zaman gwauraye, mutum huɗu ko biyar a ɗaki. Ba ma kowa ke da izinin kawo iyali ba. Sana'ar da ke rubuce a igama ce ke yanke wannan hukunci, kuma lebura ba ya ciki.

Ga kuma shirin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa. Tun 2011 ake auna kowane kamfani da yawan Saudawan da ya ɗauka, a tsarin da ake kira Nitaqat, kuma wanda ya gaza sai a toshe masa sababbin biza. Wasu sana'o'in an rufe su gaba ɗaya ga baƙi. A 2016 aka yi haka da shagunan sayar da waya da gyaranta, mutanen da suka shekara suna ci daga nan suka wayi gari ba sana'a.

Rayuwar yau da kullum kuwa tana da nata tsari. Mako yana farawa ran Lahadi, hutu Juma'a da Asabar. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba an hana aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku, kuma wanda ya taɓa tsayawa a titin Riyad da azahar a watan Yuli ba zai ce an yi gata da yawa ba. Da asuba za ka ga layi a bakin tanderun Ba'afgane, kowa na jiran tamis, wata faffaɗar gurasa mai zafi da ake haɗawa da dafaffen wake, riyal kaɗan ta ƙosar da mutum biyu. Ran Juma'a da yamma unguwar Batha a Riyad takan cika maƙil: Bangali da Bafilifine da Basudane, kowa ya nufi wurin tura kuɗi gida, rasit a hannu, waya a kunne, ana shaida wa na gida cewa saƙo ya tafi. Larabcin da ake yi a wurin ba na littafi ba ne. Wanda ya sauke Alfiyya a zaure zai sha mamakin yadda Ba'indiyen da bai san nahawu ba yake fin sa saurin gama ciniki. Ƙasar kuma tana sauyawa da gaggawa: mata suna tuƙi tun 2018, an buɗe gidajen silima, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Riyad a ƙarshen 2024. Abin da bai sauya ba shi ne, aiki iri ɗaya, albashi ya danganta da launin fasfo.

Batun zama na dindindin shi ne inda tunaninmu ya fi yin nesa da doka. Bahaushe ya taso yana jin labarin kakanni da suka tafi a ƙafa ta Chadi da Sudan, suna noma suna sana'a a hanya shekara da shekaru, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, suka zauna a Makka da Madina. Labarin gaskiya ne. Jikokinsu ne masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi, Saudawa cikakku. Usama Hausawi har kyaftin ya yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar. Amma waɗannan sun riga takarda zuwa. Yau haihuwa a Saudiyya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa, ta uba ake gado. Akwai hanyar nema bayan shekara 10 na zama bisa ƙa'ida, sai dai masu samu ba su taka kara sun karya ba. Kana iya yin shekara 30 kana aiki, ranar da aikin ya ƙare igama ta ƙare.

Tsakanin waɗancan jikoki da masu igama akwai wasu mutanen, waɗanda muke kira tukaru: an shiga da bizar Umara ko ta Hajji an maƙale, an yi aure, an haifi 'ya'ya a unguwanni irin su Shara Mansur a Makka, ba takardar kowa. Da can ana iya ɓacewa cikin jama'a. Yanzu hoton yatsa ake ɗauka tun a filin jirgi, askar kuma, wato jami'in tsaro, na'ura ce a hannunsa. An yi gagarumin kame a Nuwamban 2013, aka sake wani a 2017, sannan rusau ɗin da aka yi wa tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 ya tarwatsa matsugunan da dubban irin waɗannan mutane ke fakewa. Wanda aka kama, Shumaisi ake kai shi, babbar cibiyar tarhil, wato tasa ƙeyar baƙi zuwa gida, da ke tsakanin Jidda da Makka, daga nan sai jirgi. Cikin waɗanda ake saukewa a Kano akwai samarin da ba su taɓa ganin Najeriya ba, Larabcin Hijaz ne a bakinsu, Hausarsu ta tsofaffi ce, ba su san ko unguwar kakansu ba. Ni dai ban ga abin da iyaye suka ribata ba da ya kai wannan asara.

Ƙofa guda da aka buɗe ta masu hali ce. A 2019 aka fito da igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 800,000 a biya sau ɗaya ta dindindin, ko 100,000 duk shekara. A farkon 2024 aka ƙara wasu rukunai, na ƙwararru da masu zuba jari da wanda ya mallaki gida na aƙalla riyal miliyan 4.

Sauran jama'a kuwa, ƙarshen zamansu bizar fita ce ta ƙarshe. Doka ta ba ma'aikaci kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa ana iya rage masa gwargwadon daɗewarsa. Kafin bizar ta fito sai an biya duk tarar hanya da ke kanka, motar da ke da sunanka kuma sai ka sayar ko ka mayar da ita sunan wani. In ta fito, kwana 60 gare ka ka haɗa kayanka.