Daren Laraba a Filin Zari-Ruga

Na sauka Ingila a tsakiyar watan Oktoba na 2025, na je ganin ƙanwata da ke aikin jinya a birnin Coventry. Shekara huɗu rabona da ita. Tun kafin in gama ajiye kaya idona ya faɗa kan damtsenta na hagu, inda jini ya kwanta ya yi baƙi kamar an buga da taɓarya. Gabana ya faɗi. Na ja ta kicin, na tura ƙofa, na tambaye ta a hankali ko akwai abin da ke tsakaninta da maigidanta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Haba Yaya, wallahi ba shi ba ne. Wasa na shiga. Zari-ruga nake koyo."

Mace mai shekara 38, uwar 'ya'ya uku, wadda ko a firamare ba ta taɓa shiga tsere ba. Ban ɓoye mata ba, na ce abin bai kwanta mini ba. Ita kuwa ba ta yi musu ba, ta ce in bari sai Laraba in raka ta in gani da idona.

Yadda abin ya samo asali, ta ce, ranar 27 ga Satumba ne. Ran nan matan Ingila suka kara da na Kanada a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, a filin Twickenham da ke Landan, suka ci 33 da 13 a gaban 'yan kallo 81,885, taron da ba a taɓa yi wa wasan zari-ruga na mata irinsa ba. Ƙanwata ta kalla a talabijin ba tare da ta san dokar wasan ko ɗaya ba. Abin da ya riƙe ta shi ne jikin matan: ga dogaye, ga gajeru, ga masu ƙiba da kauri, kowace ana ji da ita. Da ta yi zancen a wurin aiki, wata abokiyar aikinta ta ce kulob ɗin unguwarsu na karɓar sababbi, ba a tambayar shekaru, ba a tambayar ko an taɓa yi. Hukumar zari-ruga ta Ingila ta daɗe tana irin wannan gayyata. A 2017 ta fara wani shiri mai suna Inner Warrior, inda ƙananan kulob-kulob ke buɗe fili kyauta ga matan da ba su taɓa riƙe ƙwallon ba.

Ƙarfe bakwai na daren Laraba muka isa. Duhu ya daɗe da yi, ga wani yayyafi siriri da ba ya jiƙa mutum nan take, sai dai ya bi shi har ƙashi. Filin yana bayan gidaje, ciyawa ce kore shar a ƙarƙashin manyan fitilu, da dogayen turaku farare a kowane ƙarshe. Mata kusan ashirin na tarar suna ɗaure igiyar takalmi. Akwai yarinya 'yar jami'a, akwai direbar bas, akwai wata da furfura ta cika mata kai, wadda ta ce shekara goma tana kawo ɗanta filin nan tana tsaye a gefe da kofin shayi, sai bana ta ce ita ma bari ta taka ciyawar. Mai horar da su malamar makaranta ce, ko sisi ba a biyan ta. Haka wanda ya ja layin fili da farin fenti, haka dattijuwar da ke dafa ruwan shayi: duk aikin sa-kai ne.

Kafin a fara, kowa ta cire 'yan kunne da zobe, aka duba farce. Kowa kuma ta fito da wata roba ta cusa a baki don kare haƙora. Ƙanwata ta nuna mini tata: a ruwan zafi ake tsoma ta har ta yi laushi, a cije, ta ɗauki siffar haƙoran mai ita.

Na zaci gudu za su fara, ko jifa. Faɗuwa aka fara koya musu, kuma a nan ne na gyara tsayuwa. Malamar ta rungumi ƙwallo da hannu biyu, ta sulale ƙasa a hankali don kowa ta gani: gwiwa ta fara taɓa ƙasa, sai ƙugu, sai kafaɗa, haɓa a manne da ƙirji. Ta ce kada wadda ta kuskura ta miƙa hannu don tare ƙasa, a nan ake samun karayar tsintsiyar hannu. Sai ga manyan mata, iyayen yara, suna zubewa cikin taɓo suna tashi, sau goma, sau ashirin. Wasu na dariya, wasu fuska a ɗaure saboda tsoro. Wata ta tsaya cak ta kasa sakin jiki, ƙafafunta na rawa. Ba wadda ta yi mata tsiya. Malamar ta durƙusa kusa da ita, ta ce su fara daga gwiwa, inda ƙasa ba ta da nisa. Sau uku suka yi tare kafin matar ta miƙe ta yi ita kaɗai, sauran suka tafa mata kamar ta ci kofi.

Na daɗe ina tunanin wannan. Babban mutum ba ya son a gan shi bai iya ba, balle mace da ta saba a ce ita ce mai riƙe gida, ita ke koya wa kowa komai. Yawancinmu mun bar koyon sabon abu da jiki tun ranar da muka daina gaɗa. Daga nan jiki ya zama na aiki, na goyo, na ciwon baya. Ga shi a nan an ware fili, an kunna fitila, an sa mutum ya tsaya musamman don matar da ba ta iya ba ta zo ta yi kuskure a bainar jama'a ba tare da kunya ba. Wannan ya taɓa ni fiye da duk abin da na gani a ƙasar.

Bayan faɗuwa sai kayarwa. Wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali zai gane rabin abin: a rage tsawo, a sa kafaɗa a cinyar abokiyar karawa, a naɗe ta da hannu biyu, a tura da ƙafa. Bambancin shi ne a nan kai ake tsaro fiye da komai. Dole a kautar da shi gefe, kada ya haɗu da gwiwa ko ƙugu. Tun watan Yuli na 2023 dokar ƙananan kulob a Ingila ta ce ba a kama mai ƙwallo sai daga ƙasan ƙashin ƙirji zuwa ƙasa, don a rage haɗuwar kai da kai.

Ita ƙwallon siffar ƙwai gare ta, in ta faɗi ƙasa ba wanda ya san inda za ta nufa. Dokar da ta fi rikita sababbi kuwa ita ce ba a miƙa ta gaba da hannu, sai baya ko gefe. Duk wadda ta wuce mai ƙwallo ta fitar da kanta daga wasa. Sai ka ji malamar na ta kiran su koma baya, su kuwa zumuɗi na jan su gaba. In an yi nasarar kai ƙwallon bayan layin abokan hamayya aka dangwala ta a ƙasa, an sami maki 5. In aka buga ta ta ratsa tsakanin turaku bayan haka, a ƙara 2.

Abin da ya ɗaure ƙanwata da wasan, a mota ta faɗa mini. Tun haihuwarta ta uku jiki ya buɗe, ta gwada gidan motsa jiki ta daina, domin ko'ina madubi ne, kowa kuma so yake ya rage. Daren farko da ta zo filin nan, malamar ta dube ta sama da ƙasa ta ce irinta suke nema tun bara. A ƙungiyar mutum 15, takwas na gaba su ne masu turereniya: su sunkuya su sarƙe kafaɗu, su haɗu da takwas na ɗaya ɓangaren, a jefa ƙwallo a tsakiya, kowa na turawa. Biyun da ke gefe a sahun farko ginshiƙai ne, faɗin baya da kaurin wuya ake so a wurinsu. Dogaye su ake ɗagawa sama su cafe ƙwallo in an jefo ta daga gefen fili. Ƙarama mai wayo ita ke zaro ƙwallo daga ƙarƙashin cunkoso, marasa nauyi masu gudu suna can bakin layi. Ta ce, "Yaya, shekara shida ina jin haushin jikin nan. Ran nan aka ce mini yana da amfani yadda yake." Ban iya ce mata komai ba, na dai riƙe hannunta har fitilar hanya ta ba mu hannu.

Ba duka ne ya yi mini daɗi ba. Ɗakin taron kulob ɗin mashaya ce a gefe guda, kuma giya tana cikin al'adar wasan a ƙasar. Ƙanwata shayi take karɓa, ta zauna minti goma a gaisa, ta tafi. Ta ce tun ranar farko ta faɗa musu, ba wadda ta sake yi mata tayi. Batun sutura ma ta warware shi: dogon wando a ƙarƙashin gajere, riga mai dogon hannu, da hijabin wasanni da ba ya buƙatar allura, kuma dokar wasan ta yarda da rufe kai muddin ba zai cutar da kowa ba. Ta nuna mini hoton Zainab Alema a waya, 'yar Landan da iyayenta suka fito daga Gana, ita ma ta yi aikin jinya, na jarirai, tana buga wasan da hijabinta, har jaridar Sunday Times ta karrama ta a 2020. Ta ce da ba ta ga wannan baiwar Allah ba, da wuya ta yarda akwai wurinta.

Ran Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa garin Rugby, tafiyar 'yan mintoci daga Coventry. Daga makarantar garin wasan ya sami sunansa na Turanci. An kafa allo a jikin bangon makarantar da ke cewa a 1823 wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya rungumi ƙwallo ya ruga da ita, ko da yake masana tarihi ba su gamsu ba, tunda sai bayan mutuwarsa labarin ya fito. Asalinsa wasan 'ya'yan masu hali ne, kuma kusan maza zalla ne suka riƙa yin sa fiye da ƙarni. Gasar duniya ta farko ta mata sai a 1991 aka yi ta, a Wales, kuma mata huɗu ne daga kulob ɗin Richmond suka shirya ta da kansu, hukumar duniya ba ta sa musu hannu ba. Ƙasashe 12 suka zo, Amurka ta ci. 'Yan wasan Tarayyar Sobiyat sai da suka riƙa sayar da tsaraba don su sami na abinci. Ɗaya daga cikin huɗun nan, Deborah Griffin, ita ce a 2025 ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar zari-ruga ta Ingila, hukumar da aka kafa tun 1871.

Tsorona bai gushe ba, kuma ba na jin ya kamata ya gushe. Wasa ne da ake buguwa a kai, kuma akwai tsofaffin 'yan wasa maza a Birtaniya da suka kai hukumomi kotu kan lalurar ƙwaƙwalwa. Na tambayi malamar kai tsaye. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce haɗarin gaskiya ne, shi ya sa duk wadda aka yi zargin ta bugu a kai ake fitar da ita nan take, ba ta komawa ran nan ko ta rantse lafiyarta ƙalau, kuma ba a sa sabuwa a wasa sai an tabbatar ta iya faɗuwa da kayarwa. Wadda ba ta son karo kuma akwai nau'in da taɓawa kawai ake yi. Na so ƙanwata ta tsaya a wannan. Ta ce ta ji, amma turereniyar ce ta kawo ta.

Lahadin ƙarshe kafin in dawo aka sa ta a wasanta na farko, na sada zumunta da wani kulob na ƙauye. Maigidanta ya zo da yaran, ƙaramar a kafaɗarsa. Minti ashirin na ƙarshe aka ba ta. Sau ɗaya ƙwallo ta zo hannunta ta suɓuce. Can kuma wata doguwa ta taho da gudu ta ɓangarenta, na runtse ido, da na buɗe sai na ga su biyun a ƙasa, kan ƙanwata a gefe yadda aka koya mata, hannuwanta naɗe da cinyoyin matar. Babban ɗanta ya yi ta tsalle yana kiran "Umma! Umma!" har muryarsa ta dushe.

An ci su da rata mai yawa. Da alƙaliya ta hura usur, waɗanda suka yi nasara suka jeru sahu biyu, suka bar hanya a tsakiya, suna tafi har ƙungiyar ƙanwata ta wuce, sannan su ma suka jeru suka rama musu. Ta iso wurinmu taɓo har gira, tana haki, ta zare robar bakinta ta ce, "Yaya, kin gani?" Na ce na gani. Maigidanta ya shimfiɗa baƙar leda a kujerar mota don kada ta ɓata, muka kama hanya da sauri, domin a wannan lokaci na shekara magariba a Coventry tun kafin ƙarfe biyar take yi.