Na'urar Da Na Saya Don Kalangun Shata

Lokacin da aka rushe Zango a 2003 saboda aikin ZACA, kwalin kaset ɗin Baba ya ɓace a cikin kwasar kaya. Gidanmu na Kuluba ya tafi, amma abin da tsohon yake ambata har yau shi ne kwalin nan. Rikodarsa kawai ta tsira.

Bara na ɗauko masa waƙoƙin Shata a waya. Ya saurara kaɗan, ya ture ta, ya ce, “Wannan ba kalangu ba ne, gwangwani ne.” Maganar ta tsaya mini a rai. Ni da nake sayar da kayan waya a Wagadugu shekara goma sha biyu!

Waƙar da ke cikin waya lambobi ce zalla, sai wata 'yar na'ura da ake kira DAC ta juya su zuwa sauti. Kowace waya tana da tata a ciki, amma wayata ba ta da ramin iyafis, don haka sai in nemi ta waje wadda ake soka wa a wurin caji. Na samu iri biyu: ƙarama kamar guntun igiya, jikka shida, da wata mai kamar akwatin ashana, jikka arba'in da biyar. A kwalin babbar an rubuta 24 bit, 192 kHz. Faifan CD 16 bit ne, 44.1 kHz. Na ce to ai shi ke nan, mai manyan lambobi ita ce magani. Na cire kuɗin daga uwar kuɗin shago, ban gaya wa mai ɗakina ba.

Na haɗa ta da rikodar Baba, na kunna. Gwangwanin nan dai, sai ma shuuu ɗin da ya ƙara fitowa fili. Ashe waƙoƙin nawa sun bi ta WhatsApp hannu nawa, ana matse su ana zubar da rabin sautin, kuma na'ura ba ta mayar da abin da babu. Waƙa mai cikakken sauti kuwa, idan ta intanet za ka ji, awa ɗaya tana iya cinye fiye da giga guda. Shata ma ya rasu tun 1999, yawancin abin da muke ji daga kaset aka kwafo shi.

Wani abokin ciniki da ke zuwa Maraɗi ne ya kawo mini kwafi mai tsabta, an ɗauko daga kaset na asali ba a matse ba. Na gwada da babbar, na gwada da ƙaramar. Wallahi kunnena bai raba su ba.

Baba ya ji ta da ƙaramar bayan la'asar. Bai ce uffan ba, sai yatsunsa da suka shiga buga gwiwa. Babbar tana shago cikin gilashi, wata bakwai ke nan, har na rage jikka goma.