Ranar da Muka Mayar da Tsakar Gida Kotu



Mu tara ne a adashinmu na Hotoro, duk Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa. Cikinmu akwai malamar firamare, akwai mai ɗinki, akwai masu rumfa a kasuwar Tarauni. Idan kika ji hirarmu, sai ki rantse babu mai iya rufe mana baki. Bara ne muka gane bakin namu iyakarsa soro.

Ɗaya daga cikinmu mijinta ya rasu, ya bar ta da yara huɗu. Tana fita takaba dangin mijin suka fara kawo dillalai ganin gidan da take ciki, alhali ba a raba gado ba. Ta san tana da tumuni, ta san 'ya'yanta na da kasonsu. Magana ta kai kotu, aka sa rana. Sai ga ta ta zo wajen babbarmu hannu na rawa, ta ce, "Wallahi Yaya, da na ga wan babansu harshena ke ɗaurewa. Gara in haƙura."

Mun fara da abin da kowa ke yi. "Ki daure, ki dake, ai ke jaruma ce." Ta ce to, ta koma gida ta kwana kuka. A nan ne malamar cikinmu ta tuna mana abin da ta karanta a kwalejin ilimi. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka, ya bayyana a 1977 cewa yarda da kai tana samuwa ta hanya huɗu: abin da mutum ya gwada ya ga ya iya, ganin irinsa ya iya, ƙarfafa gwiwar da ake yi masa da baki, da yadda yake fassara rawar jikinsa. Mafi ƙarfi ita ce ta farko. Mu kuwa ta uku kaɗai muke ta ɗura mata.

Sai muka sake shiri. Muka ɗora babbarmu a kujera, ita ce alƙali. Mai ɗinki ta zama wan miji, aikinta katse magana da harara. Zaman farko, jimla biyu ta yi ta fashe da kuka. Muka ba ta ruwa, muka ce a sake. Muka rage dogon labarin zuwa abu uku a takarda: ranar rasuwa, sunayen magada, da abin da take nema. A zama na huɗu, da aka katse ta, ta dubi kujerar ta ce, "Allah gafarta Malam, ban gama ba." Guɗa muka yi har maƙwabta suka leƙo.

Kafin ranar, biyu daga cikinmu suka raka ta Gyaɗi-Gyaɗi a adaidaita sahu, suka zauna a bayan wata kotu suna kallon shari'ar wasu. Ta ga inda ake tsayawa, ta ji yadda ake kiran suna. Ta kuma ga wata tsohuwa ta faɗi nata tiryan-tiryan, rufin kotu bai faɗo mata ba. Batun bugun zuciya kuma, muka ce mata ba zai daina ba, jiki ne ke shirin aiki. Ta ja numfashi a hankali, ta yi addu'arta, ta fara da layin farko.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne raba kunya da tsoro. An tarbiyyantar da mu a kan kunya, kuma muna alfahari da ita. Amma sau nawa muka yi shiru saboda tsoro, muka laƙaba masa sunan kunya? Khaula 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta gaban Manzon Allah (SAW), ta yi ta maimaita kukanta, har aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. Babu malamin da ya taɓa kiranta marar kunya.

Ranar shari'a muryarta ta yi rawa, mun ji daga inda muke zaune. Amma abu ukun nan sun fita cif. Alƙali ya ce a dakatar da maganar sayarwa har a ƙididdige dukiya. Har yau ba a gama ba, ana ta ɗage zama, wasu dangin ma sun daina amsa gaisuwarta. Wannan ciwon yana nan, ba za mu ɓoye muku ba.

Sai dai wani abu ya zauna mata. Ita kaɗai ta je ta ga shugaban makarantar yaranta kan kuɗin makaranta. Ta bi bashin atamfofi da ta shekara tana jin nauyin tambaya. Mu ma muka tona namu: mai tsoron yi wa likita tambaya, mai tsoron faɗin kuɗin ɗinkinta ga 'yan uwa. Yanzu duk ranar zubi, bayan an ƙirga kuɗi, ɗaya ke hawa kujerar, ɗaya ta miƙe ta gwada maganar da take gudu.

Idan akwai maganar da ta daɗe a maƙoshinki, nemi mutum biyu da kika yarda da su da kujera ɗaya, ki fara faɗinta a tsakar gida. Allah Ya jiƙan mazan da suka riga mu, Ya raya marayu.