Wa Ya Yi Wa Budurwar Soja Waƙa?

'Yan'uwana 'yan mata, mu a Zuru da wuya ki shiga gida ba ki tarar da hoton soja ba. A Yaƙin Duniya na Biyu har Bama aka kai samarinmu yaƙar Japan. A 1944 mawaƙiyar Ingila, Vera Lynn, ta bi sojoji har can da waƙoƙin begen masoyan da yaƙi ya raba. Turawa kam an lallashe su, har mata na ajiye faifan a gida.

To tamu budurwar fa? Saurayi ya yi shekaru yana golmo, wato noma gonar surukai, sai ya ajiye fartanya ya sa kaki. Ba garmaho, ba wasiƙa. In ta ji wane ya dawo, sai ta ruga tambayar nata, ƙirji na dukan uku-uku.