Layi Huɗu, Jimla Ɗaya

A Malanville, garin da ke bakin kogin Neja a arewacin Benin, daura da Gaya, babu wanda yake buƙatar a yi masa bayanin layi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da rufe iyakar da ya biyo baya, mutanen garin sun ga tireloli jere a kan hanyar Kandi har inda ido ya ƙure. A Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren gadar, Nijar ta bar nata a rufe. Kaya suka koma kwale-kwale, ciniki kuwa ya koma cikin waya.

A wannan hali ne wani matashi yake sayar da intanet ga 'yan kasuwa a wani ɗan shago kusa da rumfunan albasa. Jarinsa tsohuwar kwamfuta ce mai aiki da Linux, ita ke karɓo intanet daga kamfani ta rarraba wa jama'a. Da la'asar, lokacin da kowa ke kiran abokin cinikinsa na Gaya ko Dosso ta WhatsApp, sai murya ta riƙa tsinkewa. Wani dattijo da ya rasa cinikin buhuna saboda haka ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaro, kuɗinmu kake ci ko hanya ce ba ta da kyau?" Ya amsa da ladabi, "Baba, a yi haƙuri, ina dubawa." Gaskiya yana dubawa, sai dai abin da yake dubawa ba ya nuna komai.

Jimla yake kallo. Katin sadarwa ya karɓi ƙullin bayanai kaza, ya aika kaza, abin da ya zube kaɗan ne. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ma, bisa matsakaicin lissafi, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta kawai take amfani da shi. Duk alƙaluman gaskiya ne, kuma duk sun ɓatar da shi.

Katin sadarwa na zamani ba layi ɗaya gare shi ba. Nasa layi huɗu ne, kowane layi da sashen ƙwaƙwalwar da ke yi masa aiki. Idan ƙulli ya iso, katin yakan dubi adireshin mai aikowa da na mai karɓa, da lambobin ƙofofinsu, ya yi wani lissafi, sannan ya jefa shi a ɗaya daga cikin layukan. Da haka kaya ke rarrabuwa. Amma kamfanin da yake saye a wurinsa yana naɗe kowane ƙulli cikin wani mayafi da ake kira PPPoE, katinsa kuwa bai iya leƙa cikin mayafin ba. Abin da bai gane ba sai ya tura shi layin farko. Layi ɗaya ya cushe, sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa yana numfashi da ƙyar, sauran ukun suna zaune.

Wanda ke da wannan labari shi ne direban katin, wato manhajar da ke tsakanin katin da Linux. Sunan ya dace: kamar direban tirela, shi ya san layin da ya kwana a kai. Matashin ya tambaye shi da umarnin ethtool -S, sai ga alƙaluma layi-layi: na farko miliyoyi, sauran kusan babu.

A nan akwai abin takaici da ya daɗe. Shekaru da yawa kowane direba da sunan da yake ba waɗannan alƙaluma. Wani ya rubuta rx_queue_0_packets, wani ya rubuta shi ta wata siga, wani ma ba ya bayarwa sam. Mai koyo da kansa, wanda ba shi da malami sai dare da waya, yakan sha wuya kafin ya gane abu ɗaya ake nufi. Sai a Linux 6.9, wadda ta fito a Mayun 2024, aka shigar da tsari guda na bayar da ƙididdigar kowane layi, aikin da Jakub Kicinski ya jagoranta: yawan ƙulli, yawan bayit, da sau nawa aka rasa wurin ajiye ƙullin da ya iso. Direbobi suna karɓarsa ɗaya bayan ɗaya, na tsofaffin katuna kuwa su ne a baya, kuma irinsu ne ke isowa kasuwannin iyaka.

Maganin bai ci masa ko dala ba. Ya kunna wani tsari na Linux mai suna RPS, wanda ke buɗe mayafin da kansa ya raba aikin ga sassan ƙwaƙwalwa huɗu. Kashegari da la'asar dattijon ya kira Gaya, suka daidaita farashi ba tare da ya ce "Me ka ce?" ko sau ɗaya ba. Bai yi godiya ba. Ya biya kuɗin mako, ya tambaya ko an ji wani labari game da gada.