Lanzarote, Tsibirin da Ake Noman Inabi a Cikin Toka

A cikin Tekun Atlantika, wanda malaman da suke kira Baharul Muhiɗ, yamma da gaɓar Maroko da misalin kilomita 125, akwai wani tsibiri mai suna Lanzarote, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari, waɗanda ko da yake a gefen Afirka Allah Ya ajiye su, mulkinsu yana hannun Sifen tun ƙarni na 15. Wanda ya dubi halin ƙasar ba zai yi zaton ana noma a cikinta ba, domin ba ta da kogi ko ɗaya, kuma dutsenta mafi tsawo bai wuce mita 670 ba, saboda haka gizagizan da ke tasowa daga teku sukan bi ta kanta su wuce ba tare da abin da zai tare su ba. Ruwan da take samu a shekara misalin milimita 150 ne, watau kusan na ƙasar Agadas, shi ma a watannin sanyi yake sauka. Iska kuwa daga arewa maso gabas take kaɗawa kusan kullum, wani lokaci kuma wata zazzafa ta taso daga Sahara da jan hazo, wadda mutanen wurin ke kira kalima, ta ƙone ganye da 'ya'yan itace cikin 'yan kwanaki.

A ranar 1 ga Satumba, 1730, ƙasa ta tsage a wajen Timanfaya, duwatsu suka shiga aman wuta, ba su lafa ba sai 1736. Limamin cocin garin Yaiza, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abin da idonsa ya gani a farkon wannan musiba, wadda ta binne ƙauyuka da dama tare da gonakin alkama da sha'ir mafi albarka, ta rufe kusan rubu'in tsibirin, ta sa jama'a da yawa hijira. Inda narkakken dutse ya malala ya daskare, har yau kusan ba a shuka kome. Amma a gefensa, inda baƙar toka da ƙananan tsakuwa masu huji-huji suka zubo suka lulluɓe tsohuwar ƙasar noma, manoman da suka komo, bayan sun yi ta tono suna neman gonakin iyayensu, sai suka tarar da ƙasar da ke ƙarƙashi tana da laima ko a tsakiyar rani, domin tsakuwar tana barin ruwa ya nutse nan da nan, sa'an nan ta hana rana da iska su tsotse shi. Manoman kuma suna cewa har raɓar dare takan kama.

Daga nan aka sami irin noman yankin La Geria, wanda a ganina yana cikin mafi hikimar abin da talaka ya taɓa ƙirƙirowa da hannunsa. Manomi yakan haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, wani zurfinsa ya kai mita 3, har ya cim ma ƙasar asali, ya dasa inabi ɗaya tak a tsakiya, sa'an nan ya jera baƙaƙen duwatsu a bakin ramin ta wajen da iska ke fitowa, rabin da'ira, ba laka ba siminti, don iskar ta ratsa ta ƙofofin duwatsun ta rage ƙarfi maimakon ta ture katangar. Inabin ba ya hawa rumfa, kwanciya yake yi a ƙasa yana yaɗo. Babu injin da ke iya shiga, saboda haka mutum ne zai gangara kowane rami ya yi sassabe, ya kwashe tokar da ta zame ta danne kututture, ya yanki nonnan inabin, ya hauro da kwando a kafaɗa, ƙafarsa tana nutsewa cikin tsakuwa mai zafi. A da raƙuma ne, waɗanda aka ƙetaro da su daga Afirka, suke ɗaukar amfanin cikin akwatunan katako, ɗaya dama ɗaya hagu. Manoman Illela ta ƙasar Tawa, masu haƙa ramukan tassa don tare wa gero ruwa, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Irin da ya fi yawa shi ne farin inabi Malvasía Volcánica, mai ƙamshi da jure ƙishi. Akwai baƙi mai suna Listán Negro, da Diego mai jinkirin nuna, da Moscatel mai zaƙi, wanda akan dasa a tsagar duwatsu. Ƙwaron nan filoksera, wanda ya zo daga Amurka ya halaka gonakin inabin Faransa da maƙwabtanta tun daga shekarun 1860, har ya tilasta wa manomansu yi wa inabinsu aure da saiwar inabin Amurka, bai taɓa waɗannan ramuka ba a wancan zamani, don haka akwai itatuwan da suka haura shekara ɗari suna tsaye bisa saiwarsu ta asali. Girbi yakan fara tun watan Yuli, kafin na galibin Turai, amma amfanin kaɗan ne ƙwarai, domin inda hekta guda a Faransa take ɗaukar dubban itatuwa, a nan ɗaruruwa ne kawai.

Galibin wannan inabi giya ake yi da shi, kuma mafi daɗewar gidan matsa shi, El Grifo, tun 1775 yake aiki. Hukuncin giya a shari'armu sananne ne, ba kuma ita ta ja ni ga wannan labari ba. Abin da ya cancanci a tsaya a yi nazari shi ne yadda aka mallaki laima a ƙasar da ba ruwa. Mutanen tsibirin da kansu ba su taƙaita dabarar ga inabi ba: sukan ɗebo tsakuwar su shimfiɗa ta a kan gonakin da toka ba ta kai ba, su shuka albasa da dankali da adas, su girbe ba tare da ban ruwa ba. Malaman gonarmu, musamman na bakin hamada, ya kamata su karanci wannan aiki da idon basira, su gwada abin da muke da shi a kusa wanda zai rufe fuskar gona ya tsare mata danshinta.