Gaba da gabanta: gardamar Thanos da Galactus a fadojinmu

Yau ba maganar tsadar hatsi ko ta hanya muka zo da ita ba. Wata gardama ce da ta daɗe tana cin wuta a fadojin samari daga Magarya har Dungas, wadda manya da yawa ke jin hayaniyarta ba su san kanta ba. Shayi na farko bai sauka ba, sai ka ji an ɓarke: wane ya fi ƙarfi, Thanos ko Galactus? Wani ya ce ai Galactus duniya guda yake haɗiyewa kamar loma. Wani ya ce Thanos da ƙyasta yatsa ya share rabin masu rai. Na uku ya taso ya ce ku duka ba ku san komai ba, akwai wani alƙali mai fuska uku da ya fi su. Har shayi na uku ya huce ba a rabu ba.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci, da littafin zane muka fara sanin irin waɗannan taurari, abin da muke ce ma BD. Littafi ɗaya, bango ya yage, yakan zagaye aji duka kafin ya koma hannun mai shi, in ma mushe bai ƙwace ba. Ƙannenmu na yanzu ba su jiran littafi. Wurin mai cajin waya ake zuba masu fim a katin waya, wasu da Faransanci, wasu da fassarar Hausa da ke shigowa daga Kano ta Ɓaɓura da Maigatari. Fina-finan Avengers na 2018 da 2019 su suka sa sunan Thanos a bakin yaron da ko harafi bai iya haɗawa ba.

Da muka buɗe layi kan wannan batu a shirinmu na matasa, kira ya yi ta shigowa daga Bande, Waca, Sasumburum, Yekuwa, har Dogo-Dogo da Malawa. Kowa da nashi jeri. Amma kiran da ya fi tsaya mana a rai na wani dattijo ne. Ya ce, "Ɗana, ni tambayata guda: yaran nan da nake ji suna cewa wane ne ya fi kowa iko a sama da ƙasa, ba su taɓa imaninsu kuwa?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa mai tushe. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje kayan a faifai, iyaye su ga abin da ake gardama a kai, yara kuma su ji abin da fim bai gaya masu ba.

Ga yadda tsanin yake a littattafan kamfanin Marvel na Amurka. A ƙasa akwai jarumai irin su Spider-Man da Hulk, masu faɗa a titi da cikin gari. Sama da su akwai Thanos, wanda Jim Starlin ya ƙirƙira a 1973. Sai Galactus mai cin duniyoyi, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka fito da shi a 1966 cikin Fantastic Four lamba 48. Sama da shi akwai waɗanda ba mutane ba ne, ma'anoni ne aka yi ma jiki: Dawwama, wanda suke kira Eternity, wato sararin duka a siffar mutum, da Mutuwa, wadda suke zanawa a siffar mace. Sama da su sai alƙalin nan mai fuska uku, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da Tribunal Vivant, ya fara bayyana a 1967. Can ƙarshe kuma sai wanda suke ce ma Na Sama da Kowa.

To ga inda abin yake da daɗi. Idan ka bar jeri ka koma ka karanta labaran kansu, sai ka tarar tsanin nan kullum karyewa yake. Ɗauki zuwan Galactus na farko a 1966. Ya sauko zai cinye duniya, ba wani jarumi da ya iya ko girgiza shi. Me ya cece ta? Abu biyu. Na farko, ɗan aikensa mai farin jiki, Surfer d'Argent, ya gamu da wata makauniya mai sassaƙa, Alicia Masters, maganarta ta sa ya ji tausayin mutane ya juya ma ubangidansa baya. Na biyu, wani ɗan ƙaramin makami da bai fi tafin hannu ba, aka ɗauko shi aka nuna ma Galactus, ya ji tsoro ya janye. Ka ji fa: mai haɗiye duniya, makauniya da abin da ke shiga aljihu suka kore shi.

Thanos ma haka. A labarin safar hannu mai duwatsu shida na 1991, wanda aka gina fim a kansa, ya kashe rabin masu rai ne don ya burge Mutuwa, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ya buge jarumai, ya buge Galactus, ya buge Dawwama kansa. Da ya ga ba saura, sai girman kai ya ɗebe shi, ya fita daga gangar jikinsa don ya hau kujerar Dawwama, ya bar jikin zaune da safar a hannu. Sai Nebula, wadda ya azabtar har ta zama ba a raye ba ba a mace ba, wadda ba wanda ya sa a lissafi, ta lallaɓo ta zare safar. Ƙarshen labarin, gona Thanos ya koma. A 2005 ma, cikin wani labari na barkwanci, wata yarinya mai ikon kiran kurege, Squirrel Girl, ta kayar da shi. Kurege dai, wanda mu ma muka san wayonsa a tatsuniya.

Shi kansa Stan Lee, kafin rasuwarsa a 2018, da aka dame shi da tambayar wa zai ci wa, amsarsa ita ce duk wanda marubucin ya ga dama shi zai ci. A 2004 kuma, cikin Fantastic Four lamba 511, jaruman sun hau har ƙolin tsanin, suka gamu da wanda ya yi su. Abin da suka tarar, wani dattijo ne zaune gaban teburin zane da fensir a hannu, mai kama da Jack Kirby. Ga amsarka nan, Baba. Wanda ya fi kowa iko a wannan duniyar ta takarda, ɗan Adam ne mai cin abinci, mai jin barci, mai jiran albashi. Su kuwa taurarin, dukiyar kamfani ce: a 2009 Disney ta sayi Marvel da kuɗi wajen dala biliyan 4 na Amurka, da Galactus da alƙalin da kowa da kowa a cikin cinikin. Abin da ake saye da sayarwa bai kai a haɗa shi da Mahalicci ba, kuma yaron da aka yi ma wannan bayani ba zai ruɗe ba. Wanda aka bari da waya shi kaɗai, ba mai tambayarsa me ya gani, shi ne abin ji.

Sa'an nan kada mu yi kamar baƙon abu ne ya shigo mana. Tambayar wa ya fi wa tamu ce tun kaka da kakanni. Duk shekara in lokacin kokowar takobi ya zo, wadda aka fara a Tawa a 1975, ƙasar nan kaf rediyo take kamawa, ana gardamar ko da Kantu na Maraɗi ko Langa-Langa namu na Damagaram suna ganiyarsu yau, Issaka Issaka na Doso zai iya da su. Masu bori ma sun jera iskokinsu gida-gida a birnin Jangare, da sarki da fadawa. Kuma muna da tatsuniyar da ta gama maganar nan tun kafin a haifi Stan Lee. Har an rubuta ta: wani Malam Shaihu ya sa ta a ajami, Bature Rattray ya buga a 1913.

Wani mutum ne, kullum ya dawo daga daji ya jefar da itace sai ya ce shi ne namijin mijin maza. Matarsa ta ce ya bar faɗi, ranar da ya ga mai sunan gudu zai yi. Wata rana ta je wata rijiya mai gugan da sai maza goma ke ja, ta kasa, sai ga wata mace, ɗan da ke goye a bayanta ya sauko ya jawo gugan shi kaɗai. Ɗan wane ne? Ɗan Namijin Mijin Maza. Mijin ya ce sai ya gani da idonsa. Da ya je, matar gidan ta ɓoye shi, maigidan ya dawo da iska a gabansa, giwa ce abincinsa, yana cewa yana jin warin mutum. Cikin dare mai kurin ya sulale ya ranta a na kare, ƙaton ya biyo shi. Ya wuce manoma, suka ce tsaya mu tare maka, iskar tahowar ƙaton kawai ta watsar da su. Can ya iske wani ƙaton zaune gindin kuka, Gungun Daji, ya ce zauna nan mu ga mai korar taka. Ƙattan biyu suka kama kokowa, suka yi tsalle har sama. Wai har yau suna can, in sun gaji su huta, in sun tashi su ci gaba, tsawar da muke ji da damina ita ce kokowarsu.

Duba da kyau. Tatsuniyar ba ta ce wane ya ci ba. Mai kuri ya gamu da wanda ya fi shi, wanda ya fi shi ya gamu da daidai shi, kuma su biyun ba su amfani kowa da komai ba sai ƙara. Wanda ya tsira shi ne wanda ya san iyakarsa ya gudu, wadda ta fi kowa gaskiya kuwa matar ce da ta yi gargaɗi tun farko. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Abin da ya sa muka ɗauki batun da nauyi ke nan. Jerin da yaranmu ke yi, ma'auninsa guda ne: wa ya fi iya ɓarna. Wannan gari yake rushewa, wancan duniya, wancan kuwa sarari duka. Yaron da ya saba auna girma da haka, wata rana zai auna kansa da haka. Mun ga inda hanyar ke kaiwa a birnin Damagaram, inda wasu fadoji suka rikiɗe suka zama pale, ana ɗaga ƙarfe, ana nuna ƙwanji, unguwa na tsoron unguwa. Ƴar uwarmu Aïcha Macky ta nuna wannan a fim ɗinta Zinder na 2021 da ta ɗauka a Kara-Kara, inda har akwai gungun da suka sa ma kansu sunan Hitler. Ba fim ne ya haifi talauci da rashin aikin yi da suka tara waɗannan samari ba, amma in ciki ba komai, hannu ba sana'a, abin da ido ya gani shi zuciya ke kwaikwayo.

Alhali kakanninmu da wani ma'auni suke auna jarumi. Daura tana nan kusa da mu. Me ya sa har yau ake faɗin Bayajidda? Ba don ya fi kowa damtse ba. Maciji ne ya tare rijiyar Kusugu, mutanen gari ba su samun ruwa sai ranar Juma'a, baƙon ya kashe shi, kowa ya sha. Ƙarfin da ya buɗe rijiya shi aka riƙe. Da wannan ma'auni, matar da ke jan ruwa a garkar kwarin Korama tun asuba ta ciyar da gida, da ungozomar da ke tashi tsakar dare, da saurayin da ke ɗaukar mara lafiya a babur daga ƙauye zuwa asibitin Magarya cikin yashi, duk suna gaban Galactus, wanda bai taɓa shuka ko ƙwayar gero ba.

Don haka ba mu ce a hana gardamar ba. Yaron da ya iya riƙe sunaye talatin, ya jera su, ya kawo hujja, ya kare ta gaban abokai, wallahi kansa na aiki, kuma irin kan da lisafi da tarihi ke so ke nan. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Iyaye, in kun ji ana Thanos, ku matso ku tambaya: to shi wannan me ya yi ma mutane da ƙarfin nasa, kuma yaya ya ƙare? Ku bar yaron ya ba ku labarin da bakinsa, zai iske darasin da kansa. Malaman lakwal, ga darasin rubutu a ɓagas: a sa ɗalibai su kwatanta faɗuwar Thanos da ta mai kurin nan na tatsuniya. Ku kuma samari masu hannun zane, da muke ganin Goku da Spider-Man a bayan kayenku da bangon shago, wa ya hana ku zana Gungun Daji? Jack Kirby da fensir da takarda ya fara, kuma duka biyun ana sayar da su a kasuwar Magarya da ta Dungas.

Mun san akwai tsofaffi a Kwaya, Guci da Dantchiao da ke riƙe da irin waɗannan tatsuniyoyi, kowane gari da yadda yake faɗin tasa. Wanda kakarsa ke kusa, ya zauna da ita daren nan ya ɗauki muryarta a waya, ya aiko mana, mu sa a shiri kowa ya ji. Wanda kuma ya zana Namijin Mijin Maza da Gungun Daji suna kokowa cikin hadari, ya ɗauki hoton ya turo, za mu sa shi a wannan shafi da sunan garinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Sai mun ji daga gare ku.